'Ya'yan Tsamiya Goma Sha Tara

Da daminar nan da muke ciki, shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar 'yata ta fari. Ni ban san lissafin watannin Bature ba. Abin da na sani shi ne gero ya fara fitar da kai ranar da aka ɗauke ta, jiya kuma na leƙa bayan gida na ga ya fara. Sau goma sha ɗaya ke nan yana fitar da kai ba ta nan.

Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Jikata Bilkisu, 'yar marigayiyar, ita ce zaune a gabana da biro da takarda, goyonta yana barci a kan tabarma. Ni na aika ta zo. Na ce mata ina so a sa maganar uwarta a jarida yadda na ji ana yi wa manya. Ta yi dariya ta ce, "Tsohuwa, yaushe kika fara karanta jarida?" Na ce ba ni zan karanta ba, ke dai rubuta, kuma duk abin da ya fito daga bakina ki sa shi yadda ya fito, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba. Ta ce ta ɗauki alkawari. To ku zama shaida, ta ɗauki alkawari.

Bari in faɗa muku dalilin da ya sa sai bana na buɗe baki. Tun da Bilkisu ta haifi yaron nan jininta ya hau, ya ƙi sauka. An ba ta magani a asibiti, an ce kullum safiya ƙwaya ɗaya. Ta sha na sati biyu ta jefa sauran a bayan akwati. Na yi faɗa, na yi lallashi. Amsarta ɗaya ce: "Mama ba ta taɓa fashin magani ba ko na kwana ɗaya, kowa ya sani, kuma hawan jinin ya kashe ta. Ni me zai sa in wahalar da maƙogwarona?" Ni kuwa akwai abin da na sani game da wannan magana wanda ita ba ta sani ba. Za mu zo wurin. Ku bar ni in bi hanya a hankali, ƙafata ba ta sauri.

Mutanen Kontagora da Sista suka san ta. Ni ma Sista nake cewa in ya zama dole, in ba dole ba sai in ce "waccan" ko "mai ɗakin can". Sunanta na yanka bai taɓa fita daga bakina ba tun ranar da aka raɗa mata shi. Kunyar ɗan fari ke nan. Ku na yanzu labarinta kuke ji, mu a cikinta muka tashi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayarsa yadda ya kwana. Ana yaye ta aka kai ta Beri wurin kakarta ta wajen uba, can ta girma, can aka sa ta makaranta. Da ta dawo hannuna Yaya take kirana, yadda ta ji ƙannena suna kirana, har ta koma ga Allah ba ta sauya ba. A wurinmu wannan ba rashin so ba ne, tarbiyya ce. Yabona ma ake yi, ana cewa duk unguwa babu mai kawaici irin nawa.

Ana nan, ana nan, mijinta ya rasu, nawa ma ya rasu, muka haɗu a gida ɗaya. Ita tana aiki a wani ƙaramin asibiti da ke gefen unguwarmu, ni kuma ina sayar da ƙosai da kunun tsamiya a bakin ƙofarsa. Don haka duk abin da zan faɗa muku na aikinta, da idona na gani, daga bayan kaskon suya.

Abin da ya fi damunta a aikin shi ne masu hawan jini. Mutum zai zo daga Kaboji ko Nasko a bayan babur, kai na sara, ido ya yi ja. A auna shi, a ba shi magani, a ce kullum, har ƙarshen rai. Ya ce to. Kwana goma ciwon kai ya lafa, sai ya ajiye. Bayan wata huɗu a kawo shi a kan katifa a bayan mota, ɓari ɗaya ya shanye. Ta yi bayani ta gaji, ta yi tsawa ta gaji, ta nuna hotuna masu ban tsoro ta gaji. Wata rana ta dawo gida ta zauna a kan turmi tana magana da Bilkisu, wadda a lokacin 'yar makaranta ce, amma na san ni ake so in ji. Ta ce, "Ba rashin sani ba ne. Duk sun sani. Ciwon ne ba ya cizo yau, shi ya sa ba wanda ke tunawa da shi yau. Ba kunnensu zan ƙara cikawa ba, hannunsu zan nema wa abin yi."

Ni kuwa ina da wata 'yar dabara tun ina amarya. In ina ramuwar azumi, sai in ƙirga 'ya'yan tsamiya daidai da kwanakin da suka rage mini, in zuba a ƙoƙo. Duk ranar da na kai ɗaya, sai in ɗauki ƙwallo ɗaya in jefa a wani ƙoƙon. Wanda bai iya rubutu ba ai dole ya san yadda zai yi. Ashe tana lura. Sai ga ta wata safiya ta tsuguna a wurin da nake tace kunu tana tsince 'ya'yan tsamiyar da zan zubar. Ba ta ce mini komai ba, ban ce mata komai ba. Amma daga ranar na daina zubarwa, sai in wanke in shanya in ajiye a bakin ɗakinta.

Ga yadda ta tsara abin. Duk mai hawan jini za ta ba shi ƙoƙo biyu ƙanana da ƙwallo talatin a ɗaya. A ajiye su kusa da randa, don ba mai tashi da safe bai je randa ba, Musulmi ne ko Kirista. Ka haɗiyi ƙwayarka, ka ɗauki ƙwallo ɗaya ka jefa a ɗaya ƙoƙon. Ranar da na farko ya ƙare, ranar ce ta komawa asibiti, ba sai an karanta kati ba. Makiyayan ruga da ba sa zama wuri ɗaya, ta ce su yi da aljihun riga, na dama da na hagu. Wasu ma'aikata suka yi ta dariya, suna cewa Sista ta koma bokanci. Ta bar su da dariyarsu.

Amma ƙoƙo shi kaɗai bai isa ba, sai da mai dubawa. Da farko takan ce wa namiji matarka ta riƙa duba maka, ta ce wa tsohuwa surukarki ta riƙa duba miki. Abin ya ƙi. Wace mace ce za ta girgiza ƙoƙo a fuskar maigida ta ce ka yi ƙarya? Wace suruka ce za ta tuhumi uwar miji? Sai su gani su yi shiru, ranar awo kuma su ce lafiya lau.

Wani Bafulatani mai suna Buba ne ya buɗe mata ido ba da saninsa ba. Ranar awo ya zo tare da taubashinsa, ɗan gwaggonsa, wani dogo mai baki kamar reza. Suna tsaye a gabana suna jiran ƙosai sai dogon ya cusa hannu a aljihun Buba na dama ya kwaso 'ya'yan tsamiya cike da tafi.

"Jama'a ku zo ku ga abin kunya!" in ji shi. "Saniyarka ba ta manta ranar kanwa, kai ka manta ranar ranka. Mutu mana, Buba! Wallahi ka mutu in gaji jar saniyar nan, dama ta fi dacewa da ni."

Buba ya ce, "Ɓarawo, ko kofatonta ba za ka gani ba." Nan take ya ciro ƙwaya ya haɗiye ba ruwa, yana zare ido, mutane suna ta dariya.

Sista tana tsaye a baranda tana kallo. Daga ranar ta sauya tambaya. Duk wanda ya zauna a gabanta, kafin ta ɗaura masa abin awo a damtse sai ta ce, "Wa ke iya zaginka ka yi dariya?" Wanda ka ambata, shi ne mai dubanka: taubashi, ko kaka da jika, ko matar wa da ƙanin miji. Ta kuma kafa doka, na ji ta faɗa ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba: kada a ba mutum mai dubawar da ke jin kunyarsa. Ku riƙe wannan doka, za ku buƙace ta a gaba.

Abin ya karɓu. Ban san adadi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na dai san akwai lokacin da 'ya'yan tsamiyata suka daina isa har sai da na roƙi sauran masu kunu su riƙa tara mini. Na kuma san ranar awo bakin asibiti yakan cika da ƙarar ƙoƙuna da zage-zagen wasa kamar gidan suna.

Yau in na zauna ina kallon yadda duniya ta koma, sai in ce da tana nan me za ta ce? Yanzu abin awon jini yana kowane kemis, ka sa hannu ya yi ƙugi ya faɗi maka. Akwai wata 'yar roba mai ɗakuna bakwai da ake jera ƙwayoyi a ciki. Wayar Bilkisu kullum safiya sai ta yi kuka, wai tunatarwa ce a sha magani, ita kuwa sai ta shafa ta da yatsa ta yi shiru, ta ci gaba da damun koko. Sista ba maƙiyiyar sabon abu ba ce, na san da ta fi kowa murna da wayar nan, da ta sa ta yi magana da Kambarci da Dukanci da Fulatanci. Amma ina jin da za ta juya ta a hannu ta ce waya ba ta jin kunyar kowa, wannan ya yi kyau, sai dai kuma ba wanda ke jin kunyar waya. An ce mini har yanzu a wasu asibitoci ana tambayar mara lafiya wa zai riƙa duba shi, amma sai a rubuta sunan miji ko na babban ɗa a wuce. An riƙe tambayar, an yar da dokar.

To, ana cikin haka ita ma aka auna ta aka ce jininta ya hau. Ta shigo gida da ƙoƙo biyu. Ban ga ta nufi ɗakinta ba, sai ta zo ta ajiye su a kan dakalin da ke bakin ƙofata, kusa da randata. Ta ƙirga ƙwallo talatin a gabana, ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Yaya, ke ce mai dubana."

Na juya fuska ga bango na ce, "A dai nemi wata. Akwai taubasai a Beri, akwai abokan aiki."

Ta ce, "Ke nake so."

Ita ta kafa dokar, ita ta karya ta, kuma a kaina ta karya ta. Shekara goma sha ɗaya ina juya wannan a raina. Ta fi kowa sanin ba zan iya ba. To me ya sa?

Watannin farko ban sha wahala ba, kunnena ya yi mini aikin. Ina kan sallaya bayan asuba sai in ji takunta, in ji moɗa ta taɓa ruwa, sannan in ji ƙwallo ya faɗa ƙoƙo, ƙas. Sai in shafa addu'a in tashi. Ba ta tambaye ni ko na ji ba, ban ce mata na ji ba. A haka muka yi rani, a haka muka shiga damina.

Daminar ta zo da zazzaɓi mai yawa, asibiti ya cika, tana fita da sassafe ba ta dawowa sai magariba. Sabon wata na ƙoƙo ya kama, na ji ƙas kwana huɗu. Rana ta biyar na ji taku, na ji moɗa, ban ji ƙas ba. Na ce sauri take yi. Rana ta shida haka. Ta bakwai haka. Kullum sai na wuce ƙoƙunan nan sau ashirin, ina ganinsu ta wutsiyar ido, ɗaya cike, ɗaya kusan wayam. Kada wani ya ce ban sani ba. Na sani.

Sau ɗaya na kusa. Ta sunkuya tana ɗaura takalmi, ni ina tsaye da ludayi. Maganar ta hau har maƙogwarona. Da na buɗe baki sai na ji kaina ina ce wa iska, "An sha koko kuwa?" Ta ɗago ta dube ni, duban da ya daɗe, kamar mai jiran sauran magana. Da ta ga babu saura sai ta ce, "An sha, Yaya." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Na yanke shawarar in bi ta hanyar da muka saba, wato in aika wani ya faɗa mata. Akwai maƙwabciyarmu Saratu, Bakambara ce Kirista, ita ma mai ƙoƙo ce, kuma suna wasa da Sista sosai. Na ce ita zan sa. Sai na tarar ta tafi Kaboji noma. Na ce to, in ta dawo.

Ba ta dawo ba sai da aka aika mata da rasuwa.

Da hantsi ne, ranar da ba ta da aiki. Tana wanke fuska a tsakar gida sai buta ta suɓuce daga hannunta. Ta so ta yi magana, bakin ya karkace. Aka kai ta babban asibiti, kwana biyu ba ta ce uffan ba, ido kawai ke motsi, kuma duk inda na koma a ɗakin yana bina. Na riƙe ƙafarta. Ko a nan ban kira sunanta ba. Rana ta uku da safe Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Na riga kowa isowa gida, kafin mata su fara taruwa. Na tsuguna a gaban dakali na ƙirga. Ranar da ta faɗi kwana ashirin da uku ke nan da kamawar watan, ƙwallo huɗu kacal a ƙoƙo na biyu. Goma sha tara suna nan inda ta bar su. Na sa hannu na ɗebe su ɗaya bayan ɗaya na jefa a ɗaya ƙoƙon, ƙas, ƙas, ƙas, har goma sha tara. Na shiga ɗakinta na samo ƙwayoyin da ba ta sha ba, na kai masai na zuba. Na ce wa zuciyata mutuncinta nake karewa, kada a ce mai koya wa mutane ita ta kasa. Amma ni na san mutuncin wa nake karewa. Kowa a unguwa ya san ni ce mai dubanta.

Ranar uku masu ƙoƙo suka zo gaisuwa, mata da maza, har da Buba da taubashinsa. Saratu ta shigo tana kuka, ta zarce dakali ta ɗauki ƙoƙon ta ƙirga a gaban mata. Ta ce, "Ashirin da uku, ko ɗaya bai ɓata ba. To in wadda ta kawo dabarar ta sha ba fashi kuma ta tafi, mu wahalar me muke yi?" Mata suka yi ta gyaɗa kai. Ina zaune kamu biyu daga inda take, carbi a hannuna. Kalma ɗaya ta ishe ni. Na sunkuyar da kai, suka ce kai, wannan baiwar Allah akwai haƙuri.

Saratu ta koma gida ta watsa wa kaji 'ya'yan tsamiyarta. Bayan shekara biyu ɓarinta na dama ya shanye. Ita na sani. Sauran da suka ji suka daina, don magana ta bi kasuwa ta bi ruga, ban san su nawa ba ne, kuma ba zan taɓa sani ba.

A daidai nan mai rubutu ta ajiye biro. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce mini tsohuwa ba. Ta ɗauki ɗanta ta goya ta fita ba sallama. Kwana uku ke nan tsakanin maganar da ke sama da wadda ke biye.

A kwana ukun nan na sa aka ɗora ni a mota zuwa Kaboji, wurin Saratu, tana gidan ɗanta. Na same ta a inuwar rumfa, hannun dama a kan cinya kamar ba nata ba. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ta dubi kajin da ke tsakar gida. Sannan ta ce da rabin bakin da ya rage mata, "Shekara tara ina jin haushin Sista. Ashe ke ce." Ta sa aka kawo mini ruwa na sha. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar roƙo ba. Zan koma.

Na san abin da malamai za su ce, kuma gaskiya ne, kwananta ne ya ƙare, ko ta sha ko ba ta sha ba ba za ta ƙara minti ɗaya ba. Ban yi jayayya da wannan ba. Amma ba a kan kwananta za a tambaye ni ba. A kan abin da aka ba ni amana za a tambaye ni, da abin da na yi da hannuna a gaban dakali. Har yau in na idar da sallar asuba nakan tsinci kaina na kasa kunne. Wani lokaci har in ji taku, in ji moɗa. Ƙas ɗin ne ba ya zuwa.

Abin da kuma ba ni da mai amsa mini shi ne wannan: mantawa ta yi, ko jira take? Mai aikin da ya sha kanta tana iya mantawa kwana biyu, kwana uku. Amma goma sha tara, kuma kullum sai ta tsaya a gaban ƙoƙunan ta sha ruwa? Wani lokaci ina ganin gajiya ce kawai irin ta kowane ɗan Adam, ita da kanta ta ce ciwon ba ya cizo yau. Wani lokaci kuma sai in tuna duban nan da ta yi mini tana ɗaura takalmi. Yarinyar da aka ɗauke daga bayana aka kai Beri, wadda ta yi shekara arba'in da wani abu ba ta ji na tambaye ta yadda ta kwana ba, ta samo hanyar da tambayar za ta zama wajibi a kaina, ta kawo ta ajiye a bakin ƙofata. Ni kuwa na tambaye ta koko.

Yau da safe Bilkisu ta dawo. Ta shigo da goyo a baya da leda a hannu, idanunta sun kumbura. Ba ta gaishe ni ba. Ta wuce dakali ta ciro ƙoƙo biyu sababbi ta ajiye, ta ciro maganin nan da ya kwana a bayan akwati.

Ta ce, "Ina 'ya'yan tsamiyar?"

Na ce suna nan. Ban taɓa zubar da su ba, su ne dai talatin ɗin nan, a ƙulle cikin tsumma a ƙasan adudu. Ta ƙirga, ta haɗiyi ƙwaya, ta jefa ɗaya. Ƙas.

Ta ce, "Kada ki ɗauka na huce. Ban huce ba. Amma Mama ta ce a nemi wanda ke iya zaginka ka yi dariya, ni kuma duk duniya ba mai zagina kamar ke. Kullum safiya zan biyo ta nan kafin in wuce shago. In kika ga ƙwallo bai motsa ba kika tambaye ni koko, wallahi tsohuwa sai na kai ƙararki wurin Saratu."

Na ce, "Ja'ira, ki yi fashi ki gani. Har kasuwa zan bi ki da ƙoƙon ina girgizawa."

Ta kusa yin dariya. Sannan ta zauna ta ɗauki biro.

To me ya rage na Sista? Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, ba a sa sunanta a jikin kowane gini ba. An ce Buba yana nan da ransa, ya tsufa, har yanzu aljihunsa na ƙara in yana tafiya, jar saniyar ma ta mutu ta bar shi. Akwai gidaje a garin nan da za ka ga ƙoƙo biyu kusa da randa, masu su ba su san wadda ta fara ba. Dabararta ba ta taɓa kasawa ba, wannan nake so duk wanda ya ji waccan magana ta ranar uku ya sani, ya kuma faɗa wa na kusa da shi: Sista ba ta sha maganinta ba kwana goma sha tara. Wanda ya ajiye nasa saboda ita, ya koma asibiti a auna shi. Wanda kuma aka ba amanar duba wani, in ya san bakinsa ba zai buɗu ba, ya faɗa tun ranar farko da babbar murya, a nemi wani.

Saura abu ɗaya. Bilkisu ta ce jarida ba ta karɓar waiwaye babu sunan mamaci, wai ita za ta rubuta da kanta in ba zan iya ba. Na ce a'a, alkawarinmu shi ne abin da ya fito daga bakina. Ta ɗaga biro tana jirana, irin jiran uwarta sak.

Rubuta.

Rakiya. Rakiya 'yata, kin sha maganinki?